Juna Biyu da Haihuwa ga Mace Mai Ciwon Raunin Tsoka na Gado: Abin da Ya Kamata Makiyayi Ya Sani

Gabatarwa

Ikkilisiyoyi da yawa a yau ba sa ɗaura aure sai saurayi da budurwa sun kawo takardar gwajin jini. Mun koyi wannan ne bayan mun binne yara masu sikila da dama. Amma akwai wasu cututtuka na gado da wannan gwaji ba ya nunawa. Daga cikinsu akwai waɗanda ke bin zuriya suna cinye ƙarfin tsoka sannu a hankali. Ba su da yawa, kuma ƙarancinsu yana ƙara musu haɗari, domin abin da mutane ba su sani ba kowa da sunan da zai ba shi. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce iska ce, wani ya ce lalaci ne kawai. Sa'ad da mace mai irin wannan ciwo ta yi ciki, rai biyu ne ke cikin haɗari, kuma sau da yawa fasto ne mutum na farko da iyalin za su nufa.

Wannan darasi yana da manufa uku. Na ɗaya, ka iya gane alamu, ka tura mutum asibiti da wuri. Na biyu, ka fahimci yadda ake gadon ciwon, don ka kashe wutar zargi a cikin gida. Na uku, ka san shirin da ikkilisiya a yankin Birnin Kudu da Gwaram za ta iya yi kafin ranar haihuwa. Gano ciwo da rubuta magani aikin likita ne.

1. Wane irin ciwo ne?

Tsoka ita ce naman da ke motsa jiki. Da ita muke tafiya, mu ɗaga kaya, mu haɗiye abinci, mu ja numfashi. Zuciya tsoka ce, mahaifa ma tsoka ce. Ka riƙe wannan da kyau, gama duk abin da zai biyo baya a kansa ya dogara.

Likitoci suna kiran babban rukunin waɗannan cututtuka distirofi na tsoka, kuma nau'o'insa sun haura 30. Ga huɗu da ya kamata mu sani.

Nau'in Dushen. Ya sami sunansa daga wani likita Bafaranshe da ya bayyana shi a shekarun 1860. Yara maza yake kamawa, kimanin ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000. Tsakanin shekara uku zuwa biyar yaro yakan fara yawan faɗuwa, sha-raɓarsa ta yi girma kamar ta mai ƙarfi, in zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyinsa da cinyoyinsa. Yawanci wajen shekara 12 tafiya takan gagare shi. Uwarsa galibi lafiyarta lau a ido, amma tana iya ɗauke da ciwon a ɓoye.

Nau'i mai riƙe tsoka, wato mayotoniya. Mai shi in ya damƙi hannunka a gaisuwa, ko ya riƙe ƙotar fartanya, sakin yakan yi masa wuya na ɗan lokaci. Fatar ido takan sauko, yanar ido ta zo da wuri, barcin rana ya yi yawa, bugun zuciya ya rikice. Wani likita Bajamushe mai suna Steinert ya bayyana shi a 1909, aka gano tushensa a cikin ƙwayoyin gado a 1992. A Turai yana kama kimanin mutum ɗaya cikin 8,000. A tsakanin baƙaƙen Afirka ya fi haka ƙaranci ƙwarai, amma a 1995 masana sun wallafa bincike a kan wani dangi a Nijeriya da ke da shi. Wannan nau'i ne ya fi kawo matsala wajen ciki da haihuwa.

Nau'in ƙugu da kafaɗa. Yana kama maza da mata. Tashi daga tabarma, hawan dakali, daka, da ɗora tulu a ka su ne sukan fara gagara.

Nau'in fuska da kafaɗa. Mai shi ba ya iya fito, idonsa ba ya rufuwa sosai in yana barci, allon kafaɗarsa ya fito waje kamar fiffike, ɗaga hannu sama ya yi wuya.

Kada a rikita waɗannan da shan-inna. Shan-inna takan zo wa yaro farat ɗaya bayan zazzaɓi, sau da yawa ta fi taɓa ƙafa ɗaya, ba a kuwa gadonta. A watan Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayarta daga nahiyar Afirka. Ciwon tsoka na gado yana zuwa a hankali cikin shekaru, yawanci a gefe biyu na jiki. Mai shi yana jin zafi da taɓi kamar kowa, saɓanin kuturta. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko ta kwanciyar aure. Akwai gwajin jini da ake kira si-ke wanda yakan nuna tsoka tana lalacewa, sa'an nan akwai gwajin ƙwayoyin gado da ke tabbatar da nau'in. Har yanzu ba maganin da ke tumɓuke ciwon, amma kula da zuciya da numfashi da motsa gaɓoɓi yana ƙara kwana, yana kuma sauƙaƙa rayuwa.

2. Yadda ake gadonsa

Kowane mutum yana ɗauke da umarnin ginin jikinsa a cikin ƙwayoyin gado, rabi daga uba, rabi daga uwa. Ciwon tsoka yana bin ɗaya daga hanyoyi uku.

Hanya ta farko, daga mahaifi ɗaya kawai. In uba ko uwa na da ciwon, kowane ciki yana da rabi da rabi. Haka nau'i mai riƙe tsoka da nau'in fuska da kafaɗa suke. Mai riƙe tsoka yana da wani hali na musamman: yakan ƙara tsanani daga tsara zuwa tsara. Kaka ya sami yanar ido kawai a tsufansa, 'yarsa ta sami raunin hannu a ƙuruciya, jikan kuwa a haife shi laƙwas ba ya iya numfashi. Wannan mafi tsanani na jarirai kusan kullum ta wajen uwa yake zuwa, kuma akan sami uwar da ba ta san tana da ciwon ba sai bayan an haifi irin wannan jariri.

Hanya ta biyu, daga iyaye biyu, kamar sikila. Uba da uwa duka lafiyayyu ne, amma kowannensu yana ɗauke da ƙwaya ɗaya a ɓoye. Kowane ciki yana da ɗaya cikin huɗu. Yawancin nau'in ƙugu da kafaɗa haka yake. A nan ne auren zumunci ke shigowa, domin 'ya'yan wa da ƙani sun fi yiwuwar ɗauke da ɓoyayyiyar ƙwaya iri ɗaya daga kakansu.

Hanya ta uku, ta wajen uwa zuwa 'ya'ya maza. Haka Dushen yake. In uwa tana ɗauke da shi, kowane ɗa namiji yana da rabi da rabi na kamuwa, kowace 'ya mace kuma tana da rabi da rabi na zama mai ɗauke da shi. Amma kimanin yaro ɗaya cikin uku masu Dushen, canjin sabo ne, uwarsa ba ta gaje shi daga kowa ba.

Mutane sukan yi kuskure a kan lissafin nan. Sukan ce tun da na fari ya kamu, uku na gaba za su tsira. Ga misalin da za ka iya ba su. Ka sa tsabar dawa huɗu a ƙwarya, uku farare ɗaya ja. Ka rufe ido ka ɗauki ɗaya, ka duba, ka mayar da ita, ka girgiza. Kowane ciki ɗauka ce sabuwa daga ƙwarya mai tsaba huɗu. Ja tana iya fitowa sau biyu a jere, tana kuma iya ƙin fitowa sau shida.

3. Abin da ciki ke yi wa jiki mai raunin tsoka

Mu fara da labari mai daɗi. Mata da yawa masu waɗannan cututtuka sun yi ciki sun haihu lafiya. A 2010 masana daga ƙasashe dabam-dabam sun taru a garin Naarden na ƙasar Holan musamman a kan wannan batu, kuma shawararsu ta tsaya a kan shiri tun kafin ciki, tare da haɗin gwiwar likitan mata, likitan jijiyoyi, likitan zuciya, likitan sa barci da likitan jarirai.

Ciki yana ɗora wa jiki kaya uku. Na farko nauyi. Mace takan ƙara kilo 10 zuwa 12, nauyin kuma yana gaba, don haka wadda dama ƙugunta ba ƙarfi sai faɗuwa ta yawaita. Wata takan koma tafiya da sanda ko keken guragu a watannin ƙarshe. Na biyu jini. Jinin mai ciki yakan ƙaru da kusan rabi, zuciya ce kuma ke tura shi duka. In ciwon ya taɓa zuciya, a nan asiri ke tonuwa. Wannan ya shafi har uwa mai ɗauke da Dushen a ɓoye, gama wasu cikinsu suna da raunin zuciya ko da ƙafafunsu lafiya. Na uku numfashi. Mahaifa in ta girma tana tura tantanin da ke raba ƙirji da ciki zuwa sama, huhu ya rasa wurin buɗewa. Alamun da za a lura da su su ne ciwon kai da asuba, yawan gyangyaɗi da rana, da kasa kwanciya rigingine.

Akwai kuma gaskiya mai ɗaci da ya kamata ma'aurata su ji tun da wuri. Binciken da aka yi a Amurka da Turai ya nuna kimanin mace ɗaya cikin huɗu masu nau'in fuska da kafaɗa ta ga rauninta ya ƙaru da ciki, a nau'in ƙugu da kafaɗa kuwa wajen rabi, kuma sau da yawa ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa duka. Duk da haka mafi yawan matan da aka tambaya sun ce da za a sake, za su sake zaɓar haihuwa.

Saboda haka kafin ciki a auna zuciya, a yi mata hoto, a auna ƙarfin numfashi. In tana shan maganin zuciya ko na hawan jini, likita ya duba shi, domin wasu suna lahanta ɗan tayi. Kada ta daina magani da kanta. In ciki ya shiga, ta fara awo tun watannin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar zuwa awo aƙalla sau takwas ga kowace mai ciki, da hoton ciki kafin mako 24. Mai ciwon tsoka tana bukatar fiye da haka. A nau'i mai riƙe tsoka, in jaririn ya gaji ciwon ba ya iya haɗiyar ruwan da yake ciki, sai ruwan ya taru, ciki ya yi girma fiye da watanninsa, motsin jariri ya ragu, naƙuda kuma ta zo kafin lokaci. Babban ciki irin wannan kada a ce tagwaye ne a zauna, a je a yi hoto.

4. Ranar haihuwa: haɗura biyar

Na ɗaya, doguwar naƙuda. A yawancin nau'o'in mahaifa tana aikinta daidai, amma nishin ƙarshe yana bukatar tsokar ciki, wadda ta raunana. A nau'i mai riƙe tsoka mahaifar kanta tana iya kasawa. A asibiti akan taimaka da na'urar jawo kan jariri, ko a yi tiyata. A gida kuwa sai a yi ta jira, ko a danna ciki, ko a yi yankan gishiri. Ƙarshen wannan mun san shi: mutuwar jariri da yoyon fitsari. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aikin gyaran yoyon fitsari a Babban Asibitin Jahun tun 2008, kuma doguwar naƙuda ce babban abin da ke kai mata can.

Na biyu, zubar jini. Bayan mabiyiya ta fita, mahaifa ce ke tsukewa ta toshe hanyoyin jini. Mahaifa mai rauni ba ta tsukewa sosai. Zubar jini mai tsanani tana iya kashe mace cikin awa biyu. Asibiti yana da allurar da ke tsuke mahaifa, yana kuma iya ƙarin jini.

Na uku, maganin sa barci. A 1960 a birnin Melbon na Ostireliya an kawo wani saurayi da karayar ƙafa. Iyalinsa suka ce tsoronsu maganin sa barci ne, domin danginsu goma sun mutu a dalilinsa. Da aka sa masa maganin, jikinsa ya ɗauki zafi mai tsanani, amma da yake an riga an gargaɗi likitoci sai suka tsayar da aikin da sauri, suka sanyaya shi da ƙanƙara, ya rayu. Likita Michael Denborough ya bi tarihin dangin ya gano abin gado ne. Wasu cututtukan tsoka suna da irin wannan haɗari da iskar sa barci kamar halotan, da wata allurar saki tsoka da ake kira sakzametoniyam. Masu nau'i mai riƙe tsoka kuma ƙaramin maganin barci ko na kashe zafi mai ƙarfi yana iya danne musu numfashi. Shi ya sa in hali ya yi likitoci sukan zaɓi allurar baya, wadda ke kashe rabin jiki mace tana farke. Darasin Melbon shi ne, maganar da iyali suka faɗa kafin a shiga ɗakin tiyata ita ce ta ceci rai.

Na huɗu, allurar jijjiga. Maganiziyam salfet ita ce babbar allurar da ke ceton mata masu jijjiga, ta kuma ceci rayuka masu yawa a Arewa. Amma tana sassauta tsoka, don haka ga mai raunin tsoka tana iya tsayar da numfashi. Kada fasto ya ce wa kowa ya ƙi wannan allura. Abin da ake bukata shi ne ma'aikatan lafiya su san ciwon matar, su auna, su sa ido a kanta.

Na biyar, jaririn. Wanda aka haifa da nau'i mai tsanani yana iya bukatar taimakon numfashi tun minti na farko, da ciyarwa ta roba domin ba ya iya tsotso. Bakwaini kuma yana bukatar kwalba. Waɗannan sai a asibiti mai sashen jarirai.

5. Jego

A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun lura cewa kasawar zuciya bayan haihuwa tana da yawa ƙwarai a tsakanin matan Hausawa, kimanin ɗaya cikin haihuwa 100. Sun danganta ta da kunun kanwa, da wankan ruwan zafi, da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilai kuma, kamar hawan jini da ƙarancin abinci mai gina jiki. Duk da haka kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Mace mai ciwon tsoka da ya taɓa zuciya kada a ba ta kunun kanwa, wankanta kuma ya zama da ruwa mai ɗumi kawai. Wannan magana tsofaffin mata za a gaya wa, cikin ladabi, tun kafin haihuwa. Matar fasto da shugabannin zumuntar mata sun fi fasto iya wannan.

A koma asibiti nan take in an ga haki, kumburin ƙafafu, tari da dare, bugun zuciya da sauri, suma, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Shayarwa ba ta da laifi, tana iya yi a kwance ko da matashi a cinya. Goyo a baya da ɗaga jariri daga ƙasa kuwa suna iya gagararta, sai a sami mai taya ta, kada a mai da abin gori. A lura da baƙin ciki mai zurfi bayan haihuwa. Ma'auratan kuma su tattauna da likita a kan tazarar haihuwa kafin su bar asibiti.

6. Shiri a Birnin Kudu da Gwaram

A 1994 wasu masana biyu, Thaddeus da Maine, sun nuna cewa jinkiri uku ne ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ikkilisiya tana da abin yi a kan duka ukun.

Wuri. Mace mai wannan ciwo ta haihu a asibitin da ke da ɗakin tiyata, ƙarin jini, likitan sa barci da sashen jarirai. A yankinmu wannan yana nufin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. In likitoci sun ga zuciya ko numfashi na bukatar ƙwararru, suna iya tura ta asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kano ta fi kilomita 100 daga Birnin Kudu, ba tafiyar da za a fara da naƙuda ba ce. Ƙaramin asibitin ƙauye yana da amfani wajen awon jini da nauyi, amma a nemi takardar turawa tun farkon ciki.

Lokaci. Ka ƙirga watan haihuwa. In ya faɗa a Yuli, Agusta ko Satumba, ka tuna da halin hanyoyinmu da damina. A watan Agustan 2021 ruwa ya karya gada a hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta faɗa, mutum 21 suka rasu. Matar da ke Fagam, Sara, Farin Dutse ko Basirka gara ta koma kusa da asibiti wata guda kafin lokacinta, ko fiye in likita ya ce naƙuda na iya zuwa da wuri. Wani gida na masu bi a cikin garin Birnin Kudu zai iya saukar da ita. Al'adar goyon ciki tana da kyau, amma in gidan iyaye ya fi nisa da asibiti, sai uwar ta zo wurin 'yarta.

Mota. Jihar Jigawa tana da shirin Haihuwa Lafiya na kai mata masu naƙuda asibiti. Ka bincika ko yana aiki a ƙauyenku, ka kuma sami direba na biyu da lambar wayarsa. Babur bai dace da mace mai raunin ƙugu da hannu ba.

Jini. A san rukunin jininta. Matasa uku ko huɗu na ikkilisiya su je a gwada su tun da wuri, su kasance a shirye.

Kuɗi. A fara tarawa tun watan uku, ta adashe ko baiko na musamman, a ɗauka kamar za a yi tiyata. In ba a yi ba, kuɗin ya tafi ga jego.

Kati. Wannan ya fi kome sauƙi, yana kuma maganin jinkiri na uku. A roƙi likita ya rubuta a takarda sunan ciwon da Turanci, magungunan da take sha, da gargaɗi a kan maganin sa barci da allurar jijjiga. A yi kwafi uku: ɗaya a jakarta, ɗaya a aljihun miji, ɗaya wurin mai rakiya. Ma'aikacin da ke aikin dare mai yiwuwa bai taɓa ganinta ba.

7. Aikin makiyayi

Ka kashe zargi. A Yohanna sura 9 almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka nemi sanin zunubin wa ya jawo, nasa ko na iyayensa. Ubangiji ya ƙi duka biyun. Tambayar nan tana nan da rai a gidajenmu, kuma yawanci a kan mace take sauka. In yara maza biyu sun gurgunce, dangin miji sukan ce ta kawo musu mugun iri, ko su zargi wata tsohuwa da maita. Ka zauna da miji da iyayensa, ka bayyana musu hanyoyin nan uku. Ba wanda ya zaɓi ƙwayoyin da ya gada, kuma kowane ɗayanmu yana ɗauke da wasu ɓoyayyun ƙwayoyi masu lahani bai sani ba. Ka tunatar da miji alkawarin da ya yi a gaban ikkilisiya, na cikin lafiya da rashin lafiya.

Ka haɗa addu'a da asibiti. Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne. Ka yi wa matar addu'a, ka kuma tambaye ta ranar awo na gaba. Ka gargaɗi garkenka game da duk wanda zai ce a zubar da magani don nuna bangaskiya, ko ya ce tiyata alamar rashin bangaskiya ce, ko ya sa mai ciki doguwar azumi. Haka kuma masu tallar maganin da suka ce yana warkar da ciwon gaba ɗaya, gonar iyali kawai za su cinye.

Ka ƙara tambayoyi a shawarar kafin aure. Akwai yara maza a dangin uwa da suka daina tafiya suna ƙanana? Akwai wanda ya mutu ko ya sha wuya a dalilin maganin sa barci? Akwai jarirai da aka haifa laƙwas suka rasu? Ku 'yan'uwan juna ne? In amsa ta sa shakka, ka tura su likita kafin a sa rana. Wajibi ne kowannensu ya san gaskiya kafin aure, gama aure a kan ɓoye-ɓoye ba ya da tushe. Bayan sun sani, shawarar tasu ce a gaban Allah. Wasu za su yi aure su haihu da shiri, wasu su tsaya a kan ɗa ɗaya, wasu su ɗauki riƙon maraya. In likita ya ce zuciyar matar ba za ta ɗauki ciki ba, ka tsaya tare da su a gaban surukai masu matsa lamba. Gida marar haihuwa gida ne cikakke a cikin ikkilisiya.

Ka riƙe asiri. Labarin ciwon gado ya shafi dangi duka. In ya fita a bakin roƙon addu'a ran Lahadi, ƙannen matar suna iya rasa masu neman aure. Ka nemi izini kafin ka gaya wa kowa, har dattawa. Amma ka ƙarfafa matar ta gaya wa 'yan'uwanta mata da kanta, domin su ma su je a duba su.

Ka duba majami'arka. Dakali mai tsawo a ƙofa, zama a kan benci marar jingina, da masai na tsuguno suna hana mai raunin ƙugu zuwa sujada. Gangare na siminti, kujera mai hannu, da ƙarfen dafawa a bayan gida ba su da tsada.

In an yi rashi, ka zauna da su. Wani lokaci an yi duk abin da ya kamata, jaririn bai rayu ba. Kada ka yi saurin ba da dalili. Bayan makoki ka taimake su su koma wurin likita su ji abin da ya faru kafin wani ciki.

Kammalawa

Ciwon tsoka na gado bai san addini ko ƙabila ba. Mafi yawan maƙwabtanmu a kudancin Jigawa Musulmi ne, kuma abin da ka koya a nan zai amfani matar maƙwabcinka kamar yadda zai amfani 'yar ikkilisiyarka. Ka riƙe abubuwa huɗu: a gano ciwon da wuri, a auna zuciya da numfashi, a haihu a babban asibiti, a kuma gaya wa kowane ma'aikacin lafiya sunan ciwon kafin ya sa allura. Ubangiji ya ba mu hikimar kiwon garkensa.

Tambayoyi don nazari

1. Ka bayyana bambanci uku tsakanin shan-inna da ciwon tsoka na gado.

2. Wani dattijo ya ce, tun da ɗan fari ya kamu, sauran za su tsira. Yaya za ka amsa masa da misalin ƙwarya?

3. Uwar miji ta nace sai an ba mai jego kunun kanwa, likita kuwa ya hana. Wa za ka aika wurinta, da wace magana?

4. Ka rubuta shirin haihuwa na mace mai wannan ciwo a ƙauyen da kake hidima: wane asibiti, wace hanya, wane direba, su wa za su ba da jini, a gidan wa za ta sauka?

5. Budurwa ta gaya maka a asirce cewa 'yan'uwanta maza biyu sun mutu da nau'in Dushen, ta roƙe ka kada saurayinta ya ji. Me za ka yi, kuma don me?